Masu Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama: Aikinsu da Hanyar Shiga Cikinsa

Gabatarwa

Fasinjan da ya hau jirgin sama daga Kano zuwa Legas yakan ji muryar matuƙi, yakan kuma ga ma'aikatan da ke hidima a cikin jirgi. Amma akwai waɗansu mutane da ba zai sa su a ido ba har ya sauka, alhali kuwa jirgin ba ya motsawa daga inda aka ajiye shi, ba ya hawa titi, ba ya tashi, ba ya sauya bisa, ba ya sauka, sai da izininsu. Waɗannan su ne masu kula da zirga-zirgar jiragen sama. Babban aikinsu shi ne tabbatar da cewa akwai tazara tsakanin kowane jirgi da ɗan'uwansa, a ƙasa da kuma a sama. Wannan maƙala za ta bayyana ilimin da ke ƙarƙashin wannan aiki, da kuma hanyar da ɗalibin kimiyya zai bi idan yana sha'awar ya mai da shi sana'arsa.

Me ya sa matuƙi ba zai kula da kansa ba?

Mai karatu yana iya tambaya: tun da sararin sama yana da faɗi, kuma matuƙi yana da idanu, mene ne amfanin wani mutum da ke zaune a ƙasa? Amsar tana cikin lissafi. Babban jirgin fasinja yakan yi gudun kimanin kilomita 850 a cikin sa'a guda. Idan jirage biyu suka fuskanci juna, tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa da kilomita 1,700 a sa'a, wato kimanin kilomita 28 a kowane minti. Idan matuƙi ya hango ɗan'uwansa daga nisan kilomita 9, abin da ya rage masa bai kai daƙiƙa 20 ba. A cikin wannan ɗan lokaci zai gane abin da ya gani, ya yanke shawara, ya juya jirgi mai nauyin tan da yawa. In kuwa cikin gajimare ne, ko cikin hazon hunturu, ba zai ma hango shi ba. Saboda haka dole a sami wani wanda ya san inda kowane jirgi yake da inda ya dosa, ya raba su tun suna nesa da juna.

Tarihi ya koyar da wannan darasi da tsada. A shekarar 1922 jirage biyu na fasinja suka yi karo a arewacin Faransa, suna bin hanya ɗaya ta ƙasa da ido a cikin hazo, mutum 7 suka rasu. A 1956 waɗansu biyu suka yi karo a saman kwazazzabon Grand Canyon na Amurka, mutum 128 suka rasu, abin da ya sa ƙasar ta sake fasalin kula da sararin samanta baki ɗaya. Ita kuwa hasumiyar kula da jirage, an fara ta ne a filin jirgin Croydon na Landan a 1920. A 1944 ƙasashe suka sa hannu a kan Yarjejeniyar Chicago, wadda ta haifar da Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wato ICAO, mai hedkwata a Montreal ta ƙasar Kanada. Ƙa'idojinta ne suka sa jami'in da ke Kano da wanda ke Alƙahira suke aiki da tsari iri ɗaya.

Matakai uku na aikin

An kasa aikin gida uku, kuma jirgi yakan wuce daga hannu zuwa hannu.

Na farko shi ne jami'in hasumiya, wanda ke zaune a dogon ginin nan mai tagogin gilashi ta kowace fuska. Shi ke da iko a kan titin jirgi da hanyoyin da ke kaiwa gare shi. Shi ke ba da izinin tashi da na sauka, shi ne kuma ke zaɓen ɓangaren titin da za a yi amfani da shi. Jirgi yakan tashi ya kuma sauka yana fuskantar iska, domin hakan yana rage tsawon titin da yake bukata. Lambobin da ake rubutawa a bakin titi suna nuna alƙiblarsa ne a kan kamfas. Alal misali, babban titin filin jirgin Malam Aminu Kano yana ɗauke da lamba 06 a wannan baki, da 24 a wancan, wato kimanin digiri 60 da digiri 240. Idan iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas, ɓangaren 06 ne ke fuskantarta. Da damina kuwa, iskar kudu maso yamma takan sa a juya.

Na biyu shi ne jami'in kusanto, mai kula da sararin da ke kewaye da filin jirgi. Shi ke jera jiragen da ke zuwa sauka ɗaya bayan ɗaya, yana rage wa wannan gudu, yana karkatar da wancan, yana kuma raba su da masu tashi. Dole ya lura da girman kowane jirgi, domin fukafukan babban jirgi suna barin guguwa biyu a bayansa, waɗanda ke iya kifar da ƙaramin jirgin da ya biyo shi kusa.

Na uku shi ne jami'in yanki, wanda ke kula da jiragen da suka riga suka yi bisa suna kan hanya, har da waɗanda ke ratsa ƙasa ba tare da sun sauka ba. An raba sararin duniya zuwa yankuna, kuma yankin da ya rufe Nijeriya ana kiransa da sunan Kano, ana kula da shi daga cibiyoyi biyu, ɗaya a Kano ɗaya a Legas. Nijar tana da nata yankin mai cibiya a Yamai. Jirgin da ya tashi daga Kano zuwa Legas yakan bar hannun hasumiya zuwa jami'in kusanto, daga nan zuwa cibiyar Kano, sannan cibiyar Legas, har ya ƙare a hannun hasumiyar Legas. A kowane mataki sai jami'in da ke riƙe da shi ya sanar da na gaba, sun amince da bisa da lokaci, kafin ya sake shi.

Ƙa'idojin tazara

Tazara iri biyu ce: ta tsaye da ta kwance. A tsaye, ana raba jirage da ƙafa 1,000, wato kimanin mita 300. A da, jiragen da suka haura ƙafa 29,000 sai an raba su da ƙafa 2,000, domin ma'aunin bisa ba shi da tabbas sosai a can. Da na'urori suka inganta, aka rage tazarar zuwa ƙafa 1,000 har zuwa ƙafa 41,000, kuma nahiyar Afirka ta fara aiki da wannan tsari a 2008. Bugu da ƙari, alƙibla ce ke raba matakan bisa. Jirgin da ya doshi ɓangaren gabas yakan ɗauki mataki mai lambar mara, kamar ƙafa 35,000, wanda ya doshi ɓangaren yamma kuwa ya ɗauki mai lambar cika, kamar ƙafa 34,000. Ta haka mai zuwa Legas daga Kano da mai dawowa ba za su haɗu a mataki ɗaya ba.

A kwance, inda akwai rada, yawanci ana barin mil 5 na teku tsakanin jirage, wato kilomita 9 da ɗoriya, domin mil ɗaya na teku mita 1,852 ne. Kusa da manyan filaye ana iya ragewa zuwa mil 3. Inda babu rada, ko ta lalace, jami'i yakan koma ga agogo da rahoton matuƙa. Kowane matuƙi yakan faɗi lokacin da ya wuce wani wuri sananne da lokacin da yake sa ran isa na gaba, jami'i kuma ya bar kimanin minti 10 tsakanin jirage biyu da ke mataki ɗaya a hanya ɗaya. A nan hoton sararin sama duka yana cikin kansa ne da 'yan takardun da ke gabansa.

Ko bisan da ake magana a kai, daga matsin iska ake auna shi. Ma'aunin bisa na jirgi yana auna nauyin iskar da ke kansa ne, wanda ke raguwa yayin da ake hawa. Kusa da ƙasa, matsin yana raguwa da hektofaskal ɗaya a kowace ƙafa 27 zuwa 30. Tun da matsin iska yana sauyawa daga rana zuwa rana, jami'i yakan karanta wa matuƙi adadin wannan lokaci domin ya daidaita ma'auninsa. In aka yi kuskuren hektofaskal 10, jirgin zai kauce wa bisan da matuƙi ke zato da kusan ƙafa 300, kuma ga jirgin da ke neman titi a cikin hazo wannan ba ƙaramin abu ba ne. A can sama kuwa, dukkan jirage suna sa adadi ɗaya, wato 1013, domin ma'aunansu su yi daidai da juna.

Kayan aiki

Rediyo shi ne kayan aiki na farko. Ana magana da matuƙa a kan zangon da ke tsakanin megahaz 118 da 137, an kuma keɓe 121.5 domin neman agaji. Wannan irin zango yana tafiya ne a miƙe kamar haske, ba ya bin lanƙwasar duniya. Saboda haka jirgin da ke ƙafa 35,000 ana iya jin sa daga nisan fiye da kilomita 400, amma wanda ke ƙasa-ƙasa yakan ɓace da wuri. Wannan ne dalilin kafa tashoshin da ke maimaita murya a wurare masu nisa.

Rada iri biyu ce. Ta farko tana aika igiyar rediyo ta bugi jikin jirgi ta dawo, kamar amsa-kuwwa. Tun da igiyar tana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, idan ta dawo bayan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, ta yi tafiyar kilomita 300 zuwa da dawowa, jirgin yana nisan kilomita 150 ke nan. Ta biyu kuwa tambaya take aikawa, wata na'ura a cikin jirgi ta amsa da lambar shaida da bisan jirgin. Lambar tana da alƙaluma huɗu, kowane daga 0 zuwa 7, abin da ya ba da lambobi 4,096. An keɓe uku daga ciki: 7700 na nufin jirgi yana cikin haɗari, 7600 na nufin rediyonsa ya mutu, 7500 kuma na nufin an yi fashinsa. Nijeriya ta ƙaddamar da shirin rufe sararinta da rada a 2010. Akwai kuma sabon tsari inda jirgi da kansa yake sanin matsayinsa daga tauraron ɗan'adam, yana ta shelanta shi ga tashoshin ƙasa.

Harshen aiki

Duk waɗannan na'urori ba su da amfani idan jami'i da matuƙi ba su fahimci juna ba. A ranar 27 ga Maris, 1977, a tsibirin Tenerife, jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titi a cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Matuƙin ɗaya daga cikinsu ya fara gudun tashi yana zaton an ba shi izini, alhali ɗayan jirgin bai bar titin ba, kuma saƙon da zai iya tsayar da shi ya haɗu da wani saƙon a rediyo, bai ji shi sosai ba. Tun daga nan aka tsananta dokar magana. Kalmar da ke nufin tashi ba a furta ta sai a lokacin ba da izinin tashi ko soke shi. Kowane muhimmin umarni sai matuƙi ya maimaita shi, jami'i kuma ya saurara ya tabbatar an maimaita daidai. Haruffa ana kiransu da sunaye, kamar Alfa da Bravo da Charlie, domin kada B ta rikiɗe ta zama D a cikin ƙarar rediyo. Lokaci kuma ɗaya ne ga kowa, wato agogon duniya, wanda agogon Nijeriya da Nijar ya gabata da sa'a guda.

A 1996 wani jirgin Kazakistan da na Saudiyya suka yi karo kusa da Delhi ta Indiya, mutum 349 suka rasu. Bincike ya nuna jirgin Kazakistan ya sauko ƙasa da matakin da aka ba shi, kuma ƙarancin Ingilishin ma'aikatansa yana cikin dalilan da aka ambata. Bayan wannan ICAO ta tsara ma'aunin iya Ingilishi mai hawa 6, kuma tun 2008 ake bukatar matuƙa da jami'an da ke hulɗa da jiragen ƙasa da ƙasa su kai aƙalla hawa na 4.

Nauyin da ke wuyan jami'i

Nijeriya ma ta ɗanɗana wannan ɗaci. A ranar 7 ga Nuwamba, 1996, wani jirgin kamfanin ADC ƙirar Boeing 727 da ya taso daga Fatakwal zuwa Legas ya faɗa cikin ruwa a Ejirin, dukkan mutum 144 da ke ciki suka rasu. Jirgin ya sami kansa yana fuskantar wani jirgin da ya taso daga Legas, na'urar gargaɗin karo ta yi ƙara, matuƙi ya karkata da ƙarfi domin ya kauce, jirgin ya ƙwace masa. Masu bincike sun ɗora dalili na kusa a kan yadda aka tsara tazarar jiragen daga ɗakin rada. A 2002 kuma, a saman garin Überlingen na Jamus, jirage biyu suka yi karo da dare, mutum 71 suka rasu, a lokacin da jami'i ɗaya ke riƙe da teburan aiki biyu shi kaɗai kuma ana gyaran waɗansu na'urorinsa. Jami'in ya umarci ɗaya daga jiragen ya sauko, na'urar gargaɗi ta umarce shi ya hau, matuƙan suka bi muryar mutum. Daga baya aka fayyace doka cewa a irin wannan hali umarnin na'urar ake bi.

Abin lura a nan shi ne, kuskure a wannan aiki ba ya jiran gobe a gyara shi. Shi ya sa ake taƙaita sa'o'in da jami'i zai zauna a kan tebur ba hutu, ake naɗar duk maganar da aka yi a rediyo, ake kuma koya masa cewa jinkirta jirgi ya fi sakinsa cikin shakka. Hausawa sun ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Hanyar shiga aikin

ICAO ta shimfiɗa mafi ƙarancin sharuɗɗa ga mai neman lasisi. Dole ya kai shekara 21. Dole ya ci jarrabawa a kan dokokin sama, da ilimin yanayi, da ilimin gano hanya, da halayen jirage daban-daban, da kayan aikin sadarwa, da kuma iyakar ƙarfin ɗan'adam, wato yadda gajiya da damuwa ke rage kaifin hankali. Dole ya kammala kwas ɗin da aka amince da shi, ya kuma yi aƙalla wata 3 yana kula da jirage na gaske a ƙarƙashin idon ƙwararre. Dole kuma ya ci gwajin lafiya mai daraja ta 3, inda ake duba gani da ji da zuciya da bambance launuka. Wannan gwaji ana maimaita shi lokaci-lokaci muddin mutum yana aiki, kuma yana ƙara yawaita bayan shekara 40.

Lasisi kaɗai bai isa ba. Kowane mataki na aikin yana da shaidar ƙwarewa tasa. Shaidar hasumiya tana bukatar aƙalla sa'a 90 ko wata guda na aiki a ƙarƙashin kulawa, ta kusanto da ta yanki kuwa sa'a 180 ko wata 3. Wanda ya daɗe bai yi aiki da shaidarsa ba, sai an sake gwada shi kafin ya koma kan tebur.

A Nijeriya, Hukumar Kula da Sararin Samaniya, wato NAMA, wadda aka kafa da dokar 1999, ita ke ɗaukar jami'an farar hula aiki. Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, wato NCAA, ita ke ba da lasisi. Horarwa kuwa a Kwalejin Fasahar Jiragen Sama da ke Zariya ake yin ta, wadda aka kafa a 1964. A bisa al'ada ana neman masu digiri a fannoni irin su fizikis da lissafi da labarin ƙasa. A kwalejin, bayan darussan aji, ana sa ɗalibi a ɗakin kwaikwayo, inda malamai ke zama matuƙa, suna ƙara masa jirage da matsaloli har a ga iyakar abin da zai iya ɗauka. Rundunar sojan sama ma tana da nata jami'an.

A Nijar da waɗansu ƙasashen da ke amfani da Faransanci, irin su Chadi da Kamaru, hukumar haɗin gwiwa ta ASECNA, wadda aka kafa a 1959, ita ke kula da sararin sama. Makarantarta ta EAMAC tana birnin Yamai tun 1963, kuma ta hanyar jarrabawar gasa ake shiga. Ke nan biyu daga sanannun makarantun wannan fanni a Afirka ta Yamma suna Zariya da Yamai, kusa da ɗalibin da ya tashi a ƙasar Hausa.

Halayen da ake nema

Takardar digiri tana buɗe ƙofa ne kawai. Ana neman mutum mai iya lissafi da ka cikin sauri, wanda idan aka ce jirgi yana cin mil 7 a minti kuma saura mil 42, nan take ya san saura minti 6. Ana neman mai iya kallon allo shimfiɗaɗɗe ya ga sama da ƙasa a cikinsa, ya hango inda jirage za su kasance bayan minti 5. Ana neman mai iya sauraron murya a kunne ɗaya da abokin aiki a ɗayan, mai magana a fili ba in'ina, wanda muryarsa ba ta rawa idan matuƙi ya ce injinsa ya kama wuta. Sannan ana neman mai karɓar gyara, wanda zai faɗi kuskurensa da kansa kafin a gano. Aikin na maza ne da mata, kuma na karɓa-karɓa ne, dare da rana, ranar Sallah da ranar hutu, domin sararin sama ba a rufe shi.

Ɗalibin da ke sha'awa zai iya fara shiri tun yana jami'a. Ya riƙe lissafi da fizikis da kyau, ya karanci taswira da ilimin yanayi, ya horar da kunnensa da bakinsa a kan Ingilishi na magana, ya kiyaye lafiyar idonsa da kunnensa, ya nisanci ƙwayoyi, domin gwajin lafiya ba ya yafe su. Ya kuma riƙa bin sanarwar ɗaukar ma'aikata daga hukumomin da kansu, ya guji masu karɓar kuɗi da alƙawarin samar da gurbi.

Kammalawa

Jiragen sama na farko sun sauka a Kano a 1925, lokacin da matuƙi ke dogara da idonsa da taswirar da ke kan cinyarsa. A yau ana da rada da tauraron ɗan'adam da na'urar gargaɗin karo, amma har yanzu mutum ne ke yanke shawarar wane jirgi zai hau, wane zai jira. Ranar 20 ga Oktoba ta kowace shekara an keɓe ta domin tunawa da masu wannan aiki, domin a wannan rana ce ta 1961 aka kafa ƙungiyarsu ta duniya. Ga matashin da Allah ya hore wa natsuwa da kaifin lissafi, wannan sana'a ce da ake samun abinci a cikinta da mutunci, kuma amana ce ta rayukan ɗaruruwan mutane a kowace sa'a ta aiki.